Bututun Azurfa a Wuyan Inna

Da sunan Allah mai ba da numfashi nake farawa. Sunana Dije. An haife ni a wani gungu da ke tsakiyar kogi a ƙasar Yawuri, wanda yau yake ƙarƙashin ruwan Kainji. Labarin jinyar mahaifiyata zan bayar. Ta daɗe da rasuwa, kuma ba wannan ciwon ne ajalinta ba. Abin da ya sa na ɗauko shi, na ga har yanzu ana sallamo mutane daga asibiti da bututu a wuya, dangi kuma su ƙagu a cire. Mu ma mun ƙagu, kuma saura kaɗan mu binne ta.

Tun ina yarinya na san Inna da maƙoƙo. A gungunmu ba abin kallo ba ne, mata da yawa suna da shi. Nata kamar ƙwan agwagwa yake, ta rufe shi da tsakiya, wato duwatsun wuya, ta ci gaba da harkarta. Mace ce mai ƙarfi. Ita ke ban ruwan albasarta da ƙwarya, ita ke tuƙa jirginta zuwa kasuwar Yelwa. Bayan rasuwar Baba ne abin ya fara girma, har ya kai ƙaramin ƙoƙo, ya karkata ɓangaren hagu.

A shekarar da ma'aikatan gwamnati suka zo suna shafa wa gidajenmu lamba da fenti, suna cewa za a tashe mu saboda madatsar ruwa, a shekarar ne numfashinta ya canza. Da farko minshari ne, wanda ba ta saba yi ba. Daga baya ta daina kwanciya rigingine, sai ta jingina da bango. Tuwo ya fara tsaya mata, ta koma kunu. Wata safiya muna ban ruwa, na ga ta ajiye ƙwarya ta dafa gwiwa. Da na matso sai na ji wani ɗan fito siriri yana fita daga wuyanta duk lokacin da ta ja iska.

Na ce, "Inna, wanga ƙara fa?"

Ta ce, "Gajiya ce. Ɗauki ƙwaryarki."

Magani kam an yi. Gwaggo Tamo, ƙanwar Baba, ta kawo wanzami ya yi mata tsaga ya kafa ƙaho. An sha rubutu, an shafa toka da man kaɗe, an jiƙa saiwoyi. Wata biyu ana haka, fiton nan sai ƙara ƙarfi yake. Yaya Mamman, wanda nake bi, shi ya ce a gwada asibiti. Muka haye zuwa Yelwa, muka bi layi tun hantsi har azahar. Malamin asibitin ya taɓa wuyan, ya saurara, ya girgiza kai. Ya ce wannan aikin fiɗa ne, ba su da kayansa, ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti, tafiyar yini guda a mota.

Yaya ya sayar da albasar shekarar tun ba ta yi tsada ba, da bijimin da Baba ya bari a hannun Fulani. Mijina ya yarje mini in bi ta. Yaya ya raka mu, ya kwana biyu, ya koma saboda ana ta auna gidaje kuma dole a samu namiji a gida.

Makonni biyu na farko jira ne kawai. Likitan da ke aikin wuya mutum ɗaya ne, wani Ba'indiye gajere mai furfura, masu jiransa kuma sun cika ɗaki. Masu jinya muna zama a gindin wata bishiyar darbejiya, kowa da murhunsa na duwatsu uku. A can na san Sista Rahila, ma'aikaciyar jinya ce Kirista, mutuniyar ƙasar Ngaski, can wajenmu. Da ta ji Hausarmu sai ta yi dariya ta ce, "Ku mutanen ruwa ne." Tun daga ranar ta riƙe mu kamar danginta.

Ana gobe aiki aka kawo wata takarda, aka dangwala babban yatsan Inna a tawada aka buga. Ba wanda ya karanta mana abin da ke ciki. Abin da aka ce mana kawai za a ba ta maganin barci, a zura mata roba ta baki don ta riƙa numfashi, a cire maƙoƙon, a zare robar, shi ke nan. Wannan ne ƙorafina har gobe. Da an ce mana zare robar nan ma wani abu ne mai haɗari, da mun shirya zukatanmu.

Da safe aka shiga da ita. Wajen azahar wani ma'aikaci ya fito ya ce mini an gama, an cire, in gode wa Allah. Na durƙusa a barandar ina godiya. Ban tashi ba sai na ga ƙofar ta buɗe da ƙarfi, wata ma'aikaciya ta fito a guje, ta koma da wani tire a rufe. Likitan da na gani ya fito yana wanke hannu, shi ma ya juya ya koma da sauri. Ba wanda ya kalle ni.

Sai bayan la'asar Sista Rahila ta zo ta zauna kusa da ni a ƙasa. Ta ce aikin ya yi kyau. Amma da Inna ta fara farfaɗowa aka zare robar, sai hanyar iskar ta rufe. Ƙirjinta na ja, iska ba ta shiga. An nemi a mayar da robar ta ƙi wucewa, dole likita ya huda wuyan daga gaba ya sa bututu.

Na ce, "To ba an cire abin da ke shaƙe ta ba?"

Ta ce, "Ga yadda likita ya faɗa. Shekara da shekaru maƙoƙon yana danne maƙogwaron har ya yi laushi, kamar karan da ya daɗe cikin ruwa. Kuma maƙoƙon ne ke riƙe da shi ta gefe. Da aka ɗauke shi, robar ce kaɗai ta rage. Da aka zare robar, sai ya lotse."

Da na shiga na tarar da Inna idonta biyu. A gindin wuyanta ga wani ɗan bututu na azurfa, an ɗaure shi da zare mai faɗi ta ƙeya. Ta nan take numfashi, ana jin iskar na shiga na fita. Ta buɗe baki za ta yi mini magana, leɓɓanta suka motsa, ba sauti. Ta sake gwadawa. Sai ta juya fuska bango.

Aikin yana da wani dogon suna na Turanci da ban taɓa iya faɗa ba. Mu dai bututu muke cewa. A mako na uku da na huɗu Sista Rahila ta koya mini hidimarsa. Ashe biyu ne, wani cikin wani. Na cikin ake zarewa a wanke a tafasa, sau da yawa a yini, don majina tana bushewa ta toshe shi. Da gashin kaza da aka dafa ake sharce cikinsa. A rufe bakin da ƙyalle mai ɗan laima saboda ƙura da ƙuda. In majinar ta yi kauri a ajiye tukunyar ruwan zafi kusa da ita ta shaƙi tururi. Inna kuwa in tana nemana sai ta buga cokali a jikin kwano. Daga baya aka nuna mata in ta toshe bakin bututun da yatsa, murya tana ɗan fitowa. Kalmarta ta farko tambaya ce, ko an kwashe irin albasarta daga rumbu.

A mako na biyar likita ya ce za a gwada cirewa. Ina tsaye aka kwance zaren, ya zare bututun, ya rufe ramin da auduga. Inna ta ja numfashi ta hanci, ta sake ja. Ta dube ni ta ce, "Alhamdu lillahi," da muryarta sosai. Na fara murna. Likita kuwa agogonsa kawai yake kallo, tiren kayan kuma yana gefensa a buɗe. Ba a yi tsawon cin tuwo ba sai fiton nan ya dawo, wannan karon da kauri, kamar ana jan zarto. Ramin da ke saman ƙirjinta yana lotsawa ciki duk jan iska. Gumi ya karyo mata, leɓɓanta suka yi toka-toka. Ta kama hannuna har farcenta ya shige. Nan take likita ya mayar da bututun. Ta yi tari, iska ta shiga, launinta ya dawo.

Ya faɗi wata magana, Sista ta fassara mini, kuma ta zauna a kaina. Ya ce sa bututu aikin minti biyu ne, cire shi aikin watanni ne, kuma ba a cire shi sai a inda za a iya mayar da shi.

Mako guda bayan haka aka sallame mu, aka ce mu dawo bayan wata uku, lokacin maƙogwaron ya yi ƙwari. Likita ya tambayi sana'ar Inna. Da ya ji a tsakiyar kogi muke, ya ajiye alƙalami. Ya ce kada ta shiga jirgi, kada ta yi wanka a kogi. Mai lafiya in ya faɗa ruwa zai rufe baki ya riƙe numfashi. Ita kuwa ramin a buɗe yake, ruwa zai zarce huhunta kai tsaye. Da za mu tafi, Sista Rahila ta damƙa mini wani ƙunshi. Wani bututun ne, ƙarami, da 'yar sandar da ake zura shi da ita. Ta ce, "In babban ya fita ya ƙi komawa, ki shafa wa wannan mai ki sa. Kada ki tsaya kuka."

Mun dawo mun tarar an fara kwashe mutane. Motar ta sauke mu a sabon gari, a kan tudu, inda aka jera gidajen siminti masu kumburarren rufi, duk iri ɗaya, ba inuwa ko ta ƙaya. Yaya ya riga ya ɗebo kayan Inna. Ba ita ta naɗe tabarmarta ba, ba ita ta rufe ƙofar ɗakin da ta yi shekara talatin a ciki ba. A gungunmu a bayan gida ake binne mutum. Baba yana can, da ƙannena biyu da suka rasu suna ƙanana. Kullum da yamma Inna takan taka zuwa bakin ruwa ta tsaya tana hango gungun. Kowace rana yashin da ke gefensa raguwa yake.

Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, rabi gaisuwa rabi kallo. Wasu su ce a rufe bututun da ƙullin laya. Wata ta ce a ɗiga man shanu. Na hana a kafa bandar kifi kusa da ɗakinta saboda hayaƙi, aka ce na je birni na koyo iyayi. Gwaggo Tamo kuwa kullum maganarta ɗaya ce.

"Ke Dije, dubi yadda take magana in ta sa yatsa. In iska ba ta wucewa ta sama, da mi take maganar? Ta warke. Ƙarfen nan ne ka hana ramin rufewa."

Na ce, "Gwaggo, a gabana anka cire, na ga abin da ya faru."

Ta ce, "Wancan lokacin ɗanyen ciwo ne."

Gaskiya Gwaggo ba mugunta take nufi ba. Ita ke dama wa Inna kunu, ita ke wanke mata zane. Kuma Inna ta murmure, ta yi ƙiba, har tana tsince wake a tsakar gida. Ni kaina wani lokaci nakan ce anya ba ta warke ba.

Wata biyu da dawowarmu masunta suka kawo labari cewa ruwa ya shiga unguwar ƙasa, kwana kaɗan ya rage ya kai tsohon gidanmu da kaburburan da ke bayansa. Ranar Inna ba ta ci abinci ba. Ta kira Yaya, ta sa yatsa a wuya ta ce, "Ka kai ni in yi musu sallama." Yaya ya ce likita ya hana. Ta ce, "Saboda ramin ne. In an cire, ramin zai rufe." Ni na ce a'a, na kafe.

Ranar kasuwar Yelwa na tafi sayo auduga da sabulu. Na fita da sassafe, na bar wa Gwaggo hidimar. Sai bayan la'asar na samu motar dawowa. Tun daga ƙofar gida na ji ƙarar zarton nan. Na yar da kayan na shiga.

Inna tana zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyi, kanta a ɗage. An naɗe mata wuya da ƙyalle. Bututun yana cikin kwano a ƙasa. Gwaggo tana mata fifita tana salati, Yaya yana tsaye jikin bango kamar an dasa shi.

Na ce, "Tun yaushe?"

Yaya ya ce, "Tun hantsi. Inna ce ta ce in kwance. Wallahi lafiya lau take har azahar, har ta sha fura, har tana dariya."

Abin da ya yaudare su ke nan. Wannan karon maƙogwaron ya ɗan yi ƙwari, bai rufe nan take ba. A hankali ya yi ta matsewa, ita kuma tana ta kokawa har ƙarfinta ya ƙare. Da na kwance ƙyallen na ga idanunta sun fara lumshewa. Ramin ya tsuke. Na ɗauki babban bututun na gwada, ya ƙi shiga. Na sake gwadawa, jini ya fito. Gwaggo ta ɗora hannu a ka za ta fasa kuka.

Na ce, "Gwaggo, man gyaɗa. Yaya, kwantar da ita, sa filo ƙarƙashin kafaɗunta, riƙe kan."

Na zaro ƙunshin Sista Rahila daga ƙasan akwati. Sandar ta suɓuce ta faɗi sau ɗaya, na ɗauke ta. Na shafa mai, na ce bismillahi, na tura ƙaramin yadda aka nuna mini, a karkace sannan ƙasa. Ya tsaya, na ƙara dannawa, sai na ji ya wuce. Na zare sandar. Inna ta yi wani tari da ya fesa mini majina da jini a fuska, sannan iska ta shiga da ƙara. Ban taɓa jin abin da ya kai wannan ƙarar daɗi ba.

Ba wanda ya yi wa wani faɗa. Yaya ya fita ya zauna a bayan ɗaki, na ji yana sheshsheƙa, mutumin da ban ga hawayensa ba ko ranar rasuwar Baba. Da Inna ta samu kanta ta sa yatsa a wuya ta ce masa laifinta ne, ba nasa ba. Washegari ya tafi gungun shi da limaminmu, suka yi addu'a a bayan gida, ruwa yana taɓa musu idon sawu. Mu kuma muka hau mota zuwa asibiti. Gwaggo ce ta kwance 'yan kunnenta ta ba Yaya ya sayar aka yi kuɗin motar.

Na ɗauka likita zai yi mana tsawa. Ya saurari Sista har ta gama, ya dube ni ya gyaɗa kai. Da aka leƙa maƙogwaron da madubi, aka ga ban da laushin, wani tsiron nama ya fito a ciki, daidai saman inda bututun ke gogawa. Ko da maƙogwaron ya gama yin ƙwari, wannan tsiron kaɗai ya isa ya shaƙe ta, kuma ba mai ganinsa daga waje. Aka sake ba ta maganin barci aka cire shi.

Daga nan aka bi abin a hankali. Aka bar ta da ƙaramin bututun mako biyu. Sannan aka fara toshe bakinsa da wani ɗan murfi, tun daga ɗan lokaci, zuwa rabin yini, zuwa yini guda. Ana sa ta ta hau matakala ta sauko, Sista na biye da ita tana saurare. Sau biyu aka cire murfin aka koma baya. Inna takan ƙosa, ni ma haka, abincinmu ya kusa ƙarewa, ga kewar gida. Sai da ta yi kwana uku cur da murfin, da barcinta da komai, sannan likita ya zare bututun. Ko a nan bai sake mu ba, ya riƙe mu mako guda, tiren yana kan teburin kusa da gadonta. Ramin ya rufe da kansa, ya bar ɗan tabo kamar cibiya. Muryarta ba ta koma yadda take ba, ta zama mai kauri da gurnani, haka ta rayu da ita.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In an ce za a yi wa naka aikin wuya, ka tambaya tun kafin a shiga, me zai faru in an zo zare robar. In an sallamo shi da bututu, magana da dariya da cin abinci ba su ne shaidar warkewa ba. Kada a cire a gida, ko da mara lafiyar ne ya roƙa, ko da yana kuka. Ina gode wa likitan nan da Sista Rahila, Allah ya saka musu. Ina kuma cewa da sun yi mana bayani tun farko yadda suka yi daga baya, da an rage mana wahala.

Bayan tabon ya bushe sarai, Inna ta ce wa Yaya ya ɗauko jirgi. Muka shiga mu uku da hantsi, ruwa a kwance. Kogin da muka sani ya zama wani abu mara iyaka. Inda gungunmu yake ba komai sai kawunan giginya suna leƙowa. Yaya ya yi ta zagaye, ya auna da wannan giginyar, ya auna da waccan, ya tsaya, ya sake matsawa. Daga ƙarshe ya ajiye filafilin tuƙi a cinyarsa.

Ya ce, "Inna, ban iya gane wurin ba. Ko nan ne, ko can gaba kaɗan."

Ta daɗe tana kallon ruwan. Sannan ta ce, "Nan ma ya yi. Ku ɗaga hannu."

Muka yi fatiha, muka shafa. Ta ɗebi ruwa da tafin hannu ta wanke fuska har zuwa wuya. Da Yaya ya kama filafili zai juya jirgin, sai ta miƙa hannu.

Ta ce, "Ba ni nan. Tun ɗazu kake juya mu kamar wanda bai taɓa shiga ruwa ba."

Ita ta tuƙo mu har gaɓa.